Ko Kun Sani? Titin Houston Mai Layuka 26

A yammacin birnin Houston da ke jihar Texas ta Amurka akwai wata babbar hanya mai suna Katy Freeway. A wurin da ta fi faɗi, layukan motarta sun kai 26 idan an haɗa da titunan da ke gefenta. An kammala faɗaɗa ta a shekarar 2008, kuma aikin ya lashe kusan dala biliyan 2.8, duk don a raba jama'a da cunkoso.

Da farko an samu sa'ida, amma ba ta daɗe ba. Tsakanin 2011 da 2014, lokacin da mutum ke ɓatawa a kan hanyar ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari da safe, da yamma kuwa kashi 55.

Me ya jawo haka? Da hanya ta buɗe, mai yin sammako don gudun cunkoso sai ya koma fita lokacin da kowa ke fita. Mai zagayawa ta wani titi ya dawo nan. Masu gine-gine kuma suka kafa sababbin unguwanni can bayan gari, inda ko cefane ba ya yiwuwa sai da mota. Iyalan da suka tare a can su ne abin tausayi, domin sun sayi gida bisa tunanin hanya za ta ci gaba da gudu.

Ba a Houston kaɗai ake ganin haka ba. Masana tattalin arziki Gilles Duranton da Matthew Turner sun nuna a 2011 cewa a biranen Amurka zirga-zirgar motoci tana ƙaruwa kusan daidai da yawan titin da aka ƙara.