Yadda ake gasa babban talo-talo a tanderu

Talo-talo tsuntsu ne da ya samo asali daga ƙasar Meksiko. Mutanen Sifen ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu har ya iso ƙasashenmu. Babban namiji yakan kai kilo 6 ko fiye, saboda haka guda ɗaya yana isar gida a ranar suna ko biki. Amma gashinsa yana da wuya. Sau da yawa fata takan yi ja alhali naman kusa da ƙashi ɗanye ne. Naman tsuntsu da bai gasu ba yana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai suna salmonela, wadda take kawo gudawa, amai da zazzaɓi. Yara, tsofaffi da mata masu ciki su ne suka fi shan wahalarta.

Zaɓen tsuntsu

Ku sayi mai ƙoshin lafiya, mai kuzari. Kada ku yanka wanda yake ciwo, kada ku ci wanda ya mutu da kansa. A shekarar 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya, cikin jihar Damagaram. Idan kaji suna mutuwa da yawa a unguwa, ku sanar da ma'aikatan kula da dabbobi.

Shiri

Bayan yanka da fiɗa, ku wanke shi nesa da sauran abinci. Ku wanke wuƙa, tasa da hannuwanku da sabulu. Ku daka gishirin Bilma da tafarnuwa, citta da masoro, ku zuba mai, ku shafa masa ciki da waje. Ku yanka albasar Tabalot da lemun Timiya ku sa a cikinsa don ƙanshi. Kada ku cika cikinsa da shinkafa, domin takan hana zafi shiga. Ku dafa ta dabam.

Gashi

Idan tanderunku na gas ne ko na lantarki, ku sa shi a digiri 180. Idan na mai burodi ne, ku jira har ya gama fitar da burodi, wuta ta lafa. Ku watsa ɗan gari a ciki: in ya ƙone nan take, zafi ya yi yawa.

Talo-talo mai kilo 5 zuwa 6 yana buƙatar kamar minti 40 a kan kowane kilo. Ga lissafi: kilo 6 sau minti 40 ya zama minti 240, wato awa 4. Ku rufe ƙirjinsa da takardar alminiyam, domin ƙirji ya fi cinya saurin bushewa. Lokaci-lokaci ku ɗebi romon cikin tasa ku zuba masa. Idan ya rage rabin awa, ku cire takardar don fata ta yi ja.

Yadda za ku gane ya gasu

Ku soke cinya da wuƙa a wurin da ya fi kauri. Idan ruwan da ya fito yana da ja, ku mayar da shi tanderu. Idan garau yake, kuma ba ja a jikin naman, ya gasu. Mai ma'aunin zafi ya tabbata ya kai digiri 74. Daga nan ku bar shi ya huta minti 30 kafin a yanyanka.

Abin da ya rage

A watannin Mayu da Yuni zafin Agadez yakan wuce digiri 40. A irin wannan zafi kada gasasshen nama ya wuce awa 1 a ajiye a fili. Ku sa shi a firji. Idan ba ku da firji, ku raba wa maƙwabta tun da zafinsa.