Furar da ta kwana ta zama giya? Gardamar abin sha a hanyar Isa

A yankin Stellenbosch na Afirka ta Kudu akwai hanyar da aka buɗe a 1971 don matafiyi ya bi gonakin inabi ɗaya bayan ɗaya yana ɗanɗana giyar kowace gona. Faransawa sun riga su da tasu ta Alsas tun 1953. Babu irin wannan a ƙasar Gobir, babu kuma mai nemanta. Sakkwato ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, wanda shi kansa ɗan ƙaramar hukumar Isa ne. Sai dai wanda ya taɓa bin hanyar Isa zuwa Sabon Birni, ya haura Tsibiri da Maraɗi lokacin da hanya ke biyuwa cikin kwanciyar hankali, ya san kowace tasha da abin shanta: fura da nono, kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo mai ƙanƙara. Ya kuma san ba a rasa mai hana idon wani barci a cikin mota: "Malam, wagga hura ta kwana, giya ce kaka sha!"

Jita-jita ce, ko da yake akwai ɗan abin dubawa a gindinta. Ƙananan halittun da ke sauya abinci in ya kwana iri biyu ne, kuma aikinsu daban. Masu tsinka madara ta zama nono ƙwayoyin bakteriya ne da ke cin zaƙin madara su fitar da tsami. Masu yin giya kuwa yis ne, dangin wanda ake sa wa burodi, suna cin sukari su fitar da barasa da iska. Bafaranshen nan Louis Pasteur ya bayyana aikin na farkon tun 1857. Yis ɗin burodi ba ya iya cin sukarin madara, ba ya kuma iya cin garin gero yadda yake, sai an farfasa shi ya koma sukari. Shi ya sa masu burkutu ke shan wahala: sai sun jiƙa dawa ta tsira, su shanya, su niƙa, su dafa, sannan su bar ta ta tashi. Tsiron nan shi ke mai da gari sukari. Mai fura ba ta yin ko ɗaya daga ciki. Furarta in ta kwana tsami take ƙarawa, barcin da ke ɗaukar mutum bayan ya sha ta da rana kuwa nauyin ciki ne da zafin Isa.

Inda ya kamata a sa ido shi ne wurin da ba a cika zargi ba. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi ana zuba musu sukari, wasu masu kunu ma suna sa tsiron hatsi ko dankali don zaƙi. A rufe irin wannan a gora, a bar shi cikin zafin bazara ba wutar firji, to yis ɗin da ke jikin mazubi da na iska ya samu abin da yake so. Kwana ɗaya abin da zai taru kaɗan ne ƙwarai, bai kai ya juya kan kowa ba. In kwanaki suka ja, gora ta kumbura, aka buɗe ta yi tsaki, kumfa ya taso, wari ya sauya, magana ta zama wata. Wannan ba sabon ilimi ba ne ga almajirin hadisi, domin a Sahihu Muslim an ruwaito cewa jiƙon da ake yi wa Annabi (SAW) ba ya wuce kwana uku yana sha. Ma'auni dai zaƙi ne da daɗewa da zafi. Tsami shi kaɗai ba shaida ba ne, in ba haka ba da kunun tsamiya ya fi kowa laifi.

Ana kuma cewa Turawa ne suka kawo giya ƙasar Hausa. Sun kawo ta kwalba, amma ta tukunya sun tarar da ita. Arnan kwarin Maraɗi da Maguzawan Kano da Katsina sun daɗe suna dafa giyar hatsi don bukukuwa da tsafe-tsafensu, tun kafin Alkalawa ta faɗi a 1808. Masu tafiya kudu sun san bammi, wanda ke fitowa daga itace da zaƙinsa da safe, kafin yamma ya fara bugarwa.

Maganar "Inabi ba ya yi a ƙasarmu" ita ma ta faɗi. A Kudan, kusa da Zariya, manoma na noman inabi suna kai wa kasuwa, na ci ne ɗanye. Itacen na son rana da busasshiyar iska in dai ana ba shi ruwa, laima ce ke jawo masa cuta. Abin da ya sa aka fi yin giya da shi a duniya shi ne yawan sukarinsa, wanda kan kai kashi ɗaya cikin biyar na ruwan 'ya'yan, ga kuma yis a jikin ɓawonsa. Giyar inabi kan ɗauki barasa kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari, burkutu kuwa ba ya kai rabin haka galibi.

Wannan ya kawo mu ga doguwar kwalbar nan da ake buɗe wa amarya da ango a wurin dina, wadda wasu iyaye ke kallo da wutsiyar ido. Kwalaben iri biyu ne, kuma sai an karanta takardar jiki ake ganewa. Akwai ruwan inabi zalla da aka cusa wa iska kamar lemon kwalba, bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda aka fara yi giya sosai sannan aka zare barasar, kuma a ƙasashe da dama doka ta yarda a rubuta masa "babu barasa" ko da ya rage kashi 0.5 cikin ɗari. Malamai sun yi saɓani kan na biyun, don haka mai shakka ya duba ko an rubuta 0.0, ya kuma nemi lambar NAFDAC. Ni dai na fi ganin laifin mai sayo abin da bai karanta ba fiye da na siffar kwalba.

Maganar cewa ɗan kofin jar giya kullum na gyara zuciya, wadda wasu 'yan boko ke kafa hujja da ita, ta rasa gindi. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba shi da illa, kuma tun 1988 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa giya a sahun farko na masu haddasa ciwon. Ƙwararrun masu ɗanɗanar giya a gonakin Faransa ma tofarwa suke yi a wani mazubi. Zoɓo kuma ba ya ƙara jini don kawai launinsa ja ne. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne yana ɗan sauke hawan jini, sai dai sukarin da ake antaya masa ba abokin mai ciwon sukari ba ne.

Abin da ya fi kwantar da masu sha a tasha ba barasa ba ne. Ruwan da aka dama da shi ne, da ƙanƙarar da ba a san rijiyarta ba, da gorar da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama. A 2021 kwalara ta ratsa Sakkwato da Zamfara da sauran jihohin Arewa ta kashe dubbai, kuma a shekarar ce aka kwantar da ɗaruruwa a asibitocin Kano bayan sun sha lemon da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami. A hanya irin ta Isa, inda 'yan bindiga suka sa direba ba ya son tsayawa balle ya yi dare, gudawa a cikin mota babbar masifa ce. Nono mai tsami sosai ya fi kunun da aka sirka da ɗanyen ruwa aminci, domin tsamin na hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa, muddin ba a ƙara masa ruwan randa don ya yi auki ba.