Shaton ruwa: a auna kafin a sayi ma'auni

A arewacin Adar ruwa yana da nisa. Daga Tawa zuwa Abalak, Cintabaradan, Tasara da Tiliya, akwai wuraren da sai an haƙa ɗaruruwan metir kafin a tarar da shi. Shi ya sa tun shekarun 1960 gwamnati ta kafa tashoshin jan ruwa da inji a ƙasar makiyaya. Yau foraj ya yawaita, wasu na aiki da gazuwal, wasu da hasken rana. Foraj da yawa suna da shato, wato babban tankin da ke bisa ƙafafu.

Amma shato ba ya magana. Daga ƙasa ba a ganin cikinsa. In babu ma'auni, ɗayan biyu ne. Ko ruwa ya cika ya yi ta zuba, gazuwal na ƙonewa a banza. Ko kuwa ya ƙare ba labari, garke na tsaye a bakin kwami cikin zafin bazara. Saniya ɗaya tana shan litar 30 ko fiye a irin wannan lokaci. Shanu 200 ke nan sai litar 6000. Mai kula da foraj kuma yakan hau tsani don ya leƙa, abin da ke iya kai shi ga faɗuwa.

Ma'auni iri nawa ne?

Na farko shi ne mai igiya. Ana sa ƙwallo mai tasowa bisa ruwa cikin shato. Igiyarsa ta bi ta kan ƴar kura irin ta jan guga, ta sauko waje da ɗan ƙarfe mai nauyi a bakinta. Ƙarfen yana hawa da sauka jikin allo mai lambobi. A lura: in shato ya cika, ƙarfen ƙasa yake sauka. In ruwa ya ragu, sai ya hau sama.

Na biyu tiyo ne da ake ganin cikinsa, a tsaye jikin tanki. Inda ruwa ya tsaya cikin tiyo, nan ya tsaya cikin tanki. Yana da araha, amma rana tana busar da shi, gansakuka kuma tana rufe shi.

Na uku mai allura ne kamar agogo, ana ɗaura shi jikin bututu. Nauyin ruwa yake aunawa. Tsayin ruwa metir 10 shi ne lamba 1 a jikinsa, saboda haka ƙaramin ragi ba ya nunawa sosai.

Na huɗu mai lantarki ne. Yana da kyau, amma in ya lalace, gyaransa sai birni.

Ga ƙauye da mashayar dabbobi, mai igiya ya fi. Ba ya cin wuta, kowa na ganinsa daga nesa, mai walda a Tawa ko Abalak yana iya gyara shi.

Kafin a aika saye

Ma'auni kamar riga ne, sai da awo. Kwamitin ruwa ya rubuta abubuwa biyar a takarda:

1. Zurfin tanki daga ciki.
2. Faɗinsa.
3. A tsaye yake ko a kwance.
4. Tsayin ƙafafunsa daga ƙasa.
5. Ruwa ne ciki ko gazuwal, don ba kowane tiyo ke jure gazuwal ba.

Ga misali. Tanki zagayayye a tsaye, mai faɗin metir 3: kowane santimetir 10 na zurfinsa yana ɗaukar wajen litar 700. Wato bido 28 masu litar 25. Da wannan lissafi ake zana lambobin allo. Amma tanki na kwance ya fi faɗi a tsakiya, lambobinsa ba sa zuwa daidai da juna. Allon wani tanki ba ya yi wa wani.

A kai takardar ga ma'aikatan ruwa na jaha a Tawa ko na gunduma, su duba. A nemi farashi a rubuce daga wurin mutum biyu ko uku. A tambaya ko kuɗin ɗaurawa na ciki. A zaɓi igiyar ƙarfe marar tsatsa, a sayi ta ajiya. Ramin da igiya ke shiga a rufe shi da kyau, kada ƙura da tsuntsaye su ɓata ruwan sha. Kada a biya cikon kuɗi sai an cika shato an ga ma'auni ya yi aiki.

Amfaninsa na kullum

Inda foraj ke aiki da rana, ruwan da aka kwana da shi shi ne na safe. Mai kula ya duba allo da la'asar, ya san abin da zai ba gari da abin da zai ba garke.

Ma'auni yana kuma tona yoyo. A rufe famfuna duka da dare, a yi alama da alli inda ƙarfe ya tsaya. Da asuba a duba. In ya gusa, ruwa na tsiyaya wani wuri, ko wani na ɗiba. A rubuta lambar safe da ta marece cikin littafi kullum. Ranar taron lissafin kuɗin ruwa, littafin nan ne zai raba gardama.