Kebul Mai Tsada: Yaushe Yake Cancantar Kuɗinsa?

Tun bayan annobar korona ta 2020, ma'aikata da dama suka koma raba mako gida biyu: wasu ranakun a ofis, wasu a gida. Wannan salon aiki ya sa wata ƴar na'ura ta yi kasuwa, wato akwatin haɗi da ake ajiyewa a kan tebur. A jikinsa ake jona babban allo da kibod da linzamin kwamfuta da wayar intanet da wuta. Da zuwan mutum sai ya soka kebul guda a jikin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, komai ya kama aiki. Sai dai wannan kebul ɗin, akwai na ƴan daloli kaɗan, akwai wanda ya haura dala ɗari. Kamfanin Apple ya sayar da nasa na Thunderbolt 4 mai tsawon mita 1.8 a kan dala 129, mai mita 3 kuma dala 159. Shin tsadar nan tana da dalili?

Asalin ruɗanin daga bakin kebul ɗin yake. Tun fitowar bakin USB-C a 2014, kusan duk kebul kamanninsu ɗaya ne a ido, amma cikinsu ya sha bamban. Wani an yi shi ne don caji kawai, saurin ɗaukar bayanansa bai wuce megabit 480 a daƙiƙa ba, irin na tsohon USB 2.0, kuma ba shi da wayoyin da ke kai hoto zuwa allo. Wani kuwa, irin Thunderbolt 3 da Intel ya fitar a 2015 ko Thunderbolt 4 na 2020, yana ɗaukar gigabit 40 a daƙiƙa. Shi ya sa mutum zai jona kebul, ya ga kwamfuta tana caji amma allo ya ƙi kawowa, ya ɗora wa akwatin haɗi laifi, alhali kebul ɗin ne bai iya aikin ba.

Haka batun wuta. Kebul na gama-gari yana ɗaukar wat 60 ne iyaka. Kafin ya kai wat 100, dole a sa masa wata ƴar ƙwaƙwalwa a cikin kansa, wadda ke shaida wa caja cewa zai iya jure ƙarfin. A 2021 aka ɗaga iyakar zuwa wat 240. Idan kwamfutarka mai cin wuta ce, irin ta masu zanen gine-gine ko tace bidiyo, kebul mai wat 60 zai bar batirinta yana raguwa ko da tana jone.

Tsawo ma yana shiga lissafi. Idan bayanai suna gudu da saurin gigabit 40, ƙarfin saƙon yakan ragu da nisa. Kebul ɗin da bai kai mita ɗaya ba yakan yi aikin da wayoyinsa kaɗai, amma mai mita biyu ko fiye yawanci sai an sa masa na'urorin da ke ƙarfafa saƙon a kawunansa biyu. A nan mafi yawan tsadar take. Saboda haka matso da akwatin haɗi kusa da kwamfuta kaɗai kan iya rage maka kuɗi mai yawa.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, aikin na abu uku ne: ramin jikin kwamfuta, da akwatin haɗi, da kebul. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke hukunci. Kamar tiyon ruwa ne: komai faɗinsa, abin da famfo ya bayar shi zai kawo. Idan ramin kwamfutarka gigabit 10 yake bayarwa, kebul na Thunderbolt 5, wanda ke kai gigabit 80, ba zai ƙara maka komai ba. Kuma da zarar kebul ya cika ƙa'idar da ake bukata, ƙarin kuɗi ba ya ƙara wa hoto kyau ko sauri. Rufin zare mai ƙyalli da sunan kamfani na iya ƙara ƙarko, amma ba sa canza aikin.

Wannan ba yana nufin a bi mafi araha ba ne, don araha ba ta ado. A 2016, wani injiniyan Google mai suna Benson Leung, wanda ya shahara da gwada kebul na USB-C, ya jona wani da aka yi wa haɗin wayoyi ba daidai ba, ya lalata masa kwamfuta. A shekarar ce Amazon ya hana sayar da kebul ɗin da bai bi ƙa'ida ba a kasuwarsa. A kasuwanninmu ma jabun kaya ba baƙo ba ne, kuma kwali mai sheƙi ba shaida ba ce.

To me ya dace da mai aiki tsakanin gida da ofis? Da farko ya duba takardar bayanin kwamfutarsa, ya san abin da raminta ke iya yi; alamar walƙiya a gefen rami yawanci na nuna Thunderbolt ne. Sannan ya duba kwalin akwatin haɗin, domin galibi yakan zo da kebul ɗin da ya dace da shi. Idan sai ya saya, ya nemi wanda aka rubuta saurinsa da ƙarfin wutarsa ɓaro-ɓaro, mai shaidar ƙungiyar USB-IF ko ta Intel. Mai amfani da allo biyu na 4K, ko mai kwashe manyan fayilolin bidiyo, shi ke bukatar Thunderbolt 4 ko USB4 mai gigabit 40. Wanda aikinsa wasiƙu ne da lissafi da taron bidiyo a allo guda, kebul mai gigabit 10 da wat 100 ya wadatar.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a bar mai kyawun a kan tebur, kada a riƙa naɗe shi ana cusawa a jaka, domin lanƙwasawa a wuyansa ce ke kashe shi da wuri. A jaka kuwa a riƙe na caji mai inganci da matsakaicin farashi. Kafin ka ciro kuɗi, tambayi mai sayarwa abu uku: gigabit nawa, wat nawa, kuma yana kai hoto allo? Idan babu amsar a jikin kebul ko kwalinsa, ka bar masa kayansa.