Kundin Zaɓaɓɓun Waƙoƙi: Daga Kasuwar Amurka Zuwa Tashar Kawo

A harkar sayar da kiɗa da waƙa, da wuya a sami hajar da ta kai kundin zaɓaɓɓun waƙoƙi riba, idan aka dubi ɗan abin da ake kashewa wajen haɗa shi. Abin da ake nufi da wannan kundi shi ne faifai ko kaset guda da aka tattara wa waƙoƙin da suka fi karɓuwa daga ayyukan mawaƙi ɗaya ko ƙungiyar makaɗa ɗaya, aka tsamo su daga fayafayan da suka fito a shekaru daban-daban, aka jera su wuri guda domin mai saye ya huta da farautarsu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya saba bi ta tashar motar Kawo a Kaduna ya san wannan haja ko da bai taɓa raɗa mata suna ba, domin ita ke tashi daga lasifikar masu tura waƙoƙi a waya, ita ce kuma direba ke kunnawa kafin ya miƙi titin Zariya. Inda kundin Kawo da na Turawa suka sha bamban shi ne wajen lissafi da mallaka, domin a can an san adadin da aka sayar da aljihun da kuɗin ya shiga, a nan kuwa babu wanda ke riƙe da ɗayan biyun.

Misalin da ya fi fito da girman wannan ciniki ya zo ne daga kiɗan rok, wato salon da ya tsiro a Amurka cikin shekarun 1950 daga kiɗe-kiɗen baƙaƙen fatar ƙasar, wanda ginshiƙinsa jita ce mai aiki da lantarki, sai ganguna da wata jitar mai kaurin amo da ke riƙe da zubin kiɗan. Ƙungiyar rok takan ƙunshi mutum huɗu ko biyar waɗanda su ke tsara waƙar, su kaɗa, su rera, kuma suna ɗaya ke rufe su duka, saɓanin tsarin da Bahaushe ya sani, inda mawaƙi ke gaba, makaɗa da 'yan amshi ke bayansa a matsayin yaransa. Ƙungiyar Eagles, wadda aka kafa a birnin Los Angeles a 1971, tana da fayafayai huɗu a kasuwa lokacin da kamfaninta, Asylum, ya tsamo waƙoƙi goma daga cikinsu ya fitar da su a watan Fabrairun 1976 da sunan Their Greatest Hits (1971–1975). Babu sabuwar waƙa ko ɗaya a ciki, kuma wasu daga cikin 'yan ƙungiyar ba su ɓoye rashin jin daɗinsu ba, saboda suna ganin an yanko waƙoƙin daga muhallin da aka tsara su domin neman kuɗi kawai. Duk da haka wannan faifai shi ne na farko da ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta ba lambar filatinam, wadda ake bayarwa idan kwafi miliyan ɗaya ya fita, kuma a watan Agustan 2018 ta tabbatar masa da miliyan 38, adadin da ya ɗora shi a kan Thriller na Michael Jackson a kasuwar ƙasar. Ya kamata mai karatu ya lura cewa tun 2016 wannan lissafi yana haɗawa da saurare ta intanet, inda ake ƙidaya saurare 1,500 a matsayin faifai ɗaya, don haka ba dukkan miliyoyin ne suka bi ta hannun mai kanti ba.

Dalilan wannan nasara ba ɓoyayyu ba ne. Kamfani ba ya sake biyan kuɗin situdiyo, domin naɗin asali, wato zaren farko da ake kwafar sauran daga jikinsa, yana ajiye a rumbunsa, kuma waƙoƙin sun riga sun ci jarrabawar rediyo da ta kasuwa, saboda haka babu fargabar ko za su karɓu. Mafi muhimmanci shi ne irin mutumin da ake sayar wa. Masoyi na haƙiƙa yakan sayi kowane faifai da zarar ya fito, amma irinsa kaɗan ne, alhali masu son waƙa biyu ko uku da suka ji a rediyo ko a wurin biki su ne tarin jama'a, kuma kundin zaɓaɓɓu domin su aka yi shi. Sa'annan duk lokacin da na'urar saurare ta sauya, daga faifan garmaho zuwa kaset, daga kaset zuwa faifan CD, daga nan zuwa intanet, wannan kundi ne mutane ke fara sake saye. A Birtaniya ma haka abin yake, domin faifan da ya fi kowane ciniki a tarihin ƙasar shi ne Greatest Hits na ƙungiyar Queen, wanda kamfanin EMI ya fitar a 1981, ya kuma haura kwafi miliyan 7 a 2022.

Akwai wani ɓangare na lamarin da ya wuce kuɗi, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Wanda ya zaɓi waƙoƙin kundi shi ke yanke wa jama'ar gobe irin fuskar da za su san mawaƙin da ita. Bob Marley, wanda sunansa ba baƙo ba ne a Kaduna, ya rasu a 1981, kuma bayan shekara uku kamfanin Island ya fitar da Legend, kundin da ya zama faifan rege mafi ciniki a duniya. Waɗanda suka haɗa shi sun karkata da gangan ga waƙoƙin soyayya da na kwantar da zuciya, suka rage yawan masu zafin siyasa, domin su jawo masu saye daga cikin Turawa. Sakamakon haka miliyoyin mutane suka san Marley mai laushi fiye da Marley mai faɗa da zalunci, alhali mutumin ɗaya ne, zaɓin ne kawai ya danne rabinsa.

Nijeriya ta taɓa samun tsarin da zai iya haifar da irin waɗannan kundaye. A shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, kiɗan rok ya yi tashe a tsakanin matasan kudu, inda ƙungiyoyi irin su BLO da Funkees da Ofege suka yi suna, kuma 'yan Ofege ɗaliban sakandare ne a Legas lokacin da EMI ya buga musu faifansu na farko, Try and Love. Bongos Ikwue ya yi kiɗa da ƙungiyar ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya shahara. Wannan kamfani na EMI ya kuma buga fayafayan mawaƙan Hausa irin su Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos. Amma da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, kaset mai sauƙin kwafa kuma ya cika kasuwa, manyan kamfanonin waje suka tattara nasu-ya-nasu, suka bar rassansu a hannun 'yan ƙasa, EMI ya koma Ivory Music, Polygram ya koma Premier. Abin takaici ne cewa sanannen kundin da ya dawo da rok ɗin Nijeriya kunnen duniya, Nigeria Rock Special, wani kamfanin Ingila mai suna Soundway ne ya fitar da shi a 2008.

A Arewa, gurbin da kamfanoni suka bari mai sayar da kaset ne ya cike shi, kuma tasha irin ta Kawo tana cikin wuraren da sana'ar ta fi samun gindin zama. Kawo ce ƙofar Kaduna ta arewa, daga nan motoci ke ɗaukar fasinjan Zariya da Kano da Katsina, kuma tafiyar sa'o'i tana buƙatar abin saurare wanda ba zai gundiri direba ba, ba zai kuma sa fasinja ƙorafi ba. Mai kaset ya fahimci wannan tun da wuri, sai ya riƙa cika kaset mai minti 60 ko 90 da waƙoƙin da ya ga an fi tambaya, ya rubuta sunan Shata ko Ɗanƙwairo ko Haruna Uji ko Barmani Coge a jikinsa da biro, wani lokaci ya gauraya mawaƙa uku a kaset ɗaya bisa buƙatar mai saye. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar kwafa da rarrabawa, kamar yadda masani Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008. Da wayar hannu ta zo, sana'ar ta koma hannun matasa masu kwamfuta da ƙaramar rumfa, waɗanda ke loda ɗaruruwan waƙoƙi a katin memori kan kuɗi kaɗan. Babu laifi a yaba wa basirar waɗannan mutane, domin sun san kunnen jama'a sanin da ma'aikacin kamfani ba zai samu daga ofis ba, kuma ba don su ba da waƙoƙi da yawa sun ɓace. Sai dai cinikin nasu bai bar rasit ba, bai bar ƙidaya ba, kuma ko sisi ba ya komawa ga mai waƙar ko magadansa, wato dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dalilin da ya sa mawaƙan da kansu ba su tayar da jijiyar wuya sosai ba yana cikin tsarin sana'ar. Abincin mawaƙin Hausa na gargajiya yana fitowa ne daga ubangida da wurin biki da filin wasa, ta hanyar liƙi da kyautar riga ko doki ko mota ko kujerar Makka, saboda haka kaset a wurinsa tamkar ɗan aike ne da ke kai sunansa garin da bai taɓa zuwa ba, ya jawo masa gayyata. Ma'aunin shahara ma ba adadin ciniki ba ne. Shirin zaɓi-sonka na gidajen rediyo, musamman Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, shi ne ya daɗe yana nuna waƙar da ke tashe, ta yawan katunan masu neman a sa ta. Haka kuma Bahaushe yana da tasa kalmar ta fifita waƙa, wato bakandamiya, wadda ake kiran waƙar da mawaƙi ya zuba dukkan fasaharsa a ciki ya kuma wasa kansa, kamar ta Narambaɗa da ta Shata. Wannan tsari ya ciyar da mawaƙi muddin yana raye yana iya fita wasa, amma ranar da muryarsa ta tsaya liƙi ya tsaya, alhali a daidai wannan lokaci ne kundin zaɓaɓɓu ke fara ciyar da iyalan takwaransa na Turai.

Labarin Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, ya nuna abin da kan faru idan aka haɗa kasuwar memori da lissafi na gaskiya. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da na'urar gyaran murya irin wadda ake ji a waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har arewacin Mali ba tare da wani kamfani ya fitar da su ba. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga cikinsu a katunan memori, ya sa ta cikin kundin Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma bi sawun masu waƙoƙin domin a san su a kuma biya su. Daga nan Mdou Moctar ya kai ga kamfanin Matador na Amurka, wanda ya fitar masa da Afrique Victime a 2021, kuma ƙungiyarsa tana cikin ƙungiyoyin rok na Afirka da aka fi sani a yau. Jama'ar da ke tura waƙar a waya su suka yi zaɓin tun farko, abin da baƙon ya ƙara shi ne rubuta sunan mai ita da ware masa kasonsa.

Mawaƙan zamani irin su Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker sun sami abin da magabatansu ba su samu ba, domin YouTube da Audiomack da Boomplay suna nuna adadin saurare a fili. Waɗanda ke cikin haɗari su ne tsofaffin. Waƙar da ke yawo a memori sau da yawa kwafin kwafi ce, amonta ya dushe, an datse kanta ko ƙarshenta, wani lokaci an laƙaba mata sunan da ba nata ba, kuma 'yan waƙoƙin da masu turawa suka saba da su ne kawai ke zagayawa, sauran ɗaruruwan suna kwance. Kundi na ƙwarai yana buƙatar a koma ga naɗi mafi tsabta, a rumbun Rediyon Kaduna ko a wurin magadan tsofaffin kamfanoni ko a hannun masu adana fayafayai, a tantance shekarar kowace waƙa da wanda aka yi wa ita da makaɗan da suka yi aikin, a kuma zauna da iyalan mawaƙin a rubuta yarjejeniya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba naɗin sauti kariyar shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi, abin da ke nufin fayafayan tsakiyar shekarun 1970 suna fita daga wannan kariya a yanzu. Ita kuwa waƙar kanta tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, don haka haƙƙin waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, zai kai ƙarshen 2069, na Ɗanmaraya kuma, wanda ya rasu a 2015, zai kai ƙarshen 2085.