Yadda Masana ke Auna Fargaba a Jikin Ɓeraye

Gabatarwa

Ɓera ba ya magana, balle ya faɗi abin da ke damunsa. To, ta yaya masana kimiyya ke gane cewa yana cikin fargaba? Amsar tana cikin wata ɗabi'a da kowane manomin shinkafa a ƙasar Bagudo, tun daga Illo har zuwa Lolo da ke bakin iyakar Benin, ya sani: ɓera yakan bi gindin bango da lungun rumbu, ya guji fili, domin a fili ne kyanwa da mujiya ke samun sa. Sai dai kuma yana da son leƙa sabon wuri. A kan wannan ja-in-ja tsakanin tsoro da son sani aka gina gwaje-gwajen.

Ire-iren Gwaji

Na farko shi ne gwajin buɗaɗɗen fili, wanda Calvin Hall na Amurka ya fito da shi a shekarun 1930. Akan saka dabbar cikin babban akwati marar murfi, a lura ko za ta maƙale jikin bango ko za ta shiga tsakiya.

Na biyu shi ne akwati mai ɗaki biyu, ɗaya duhu ɗaya haske, na Crawley da Goodwin a 1980. Ɓera mai fargaba yakan daɗe a duhu.

Na uku shi ne mararraba mai tsayi, wato dandamali mai hannuwa huɗu da aka ɗaga daga ƙasa. Hannuwa biyu suna da bango, biyu kuwa a sake suke. Lister ya daidaita shi domin ƙananan ɓeraye a 1987. Akan ajiye ɓera a tsakiya na minti 5, a ƙirga shigarsa kowane hannu da daɗewarsa a ciki. Idan aka ba shi maganin kwantar da hankali irin dayazifam, yakan ƙara daɗewa a hannuwan da ba su da bango.

Muhimmanci da Hattara

Masu nazarin haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi amfani da waɗannan hanyoyi wajen gwada saiwoyi da ganyayen da masu maganin gargajiya ke bayarwa. Sai dai akwai buƙatar lura. Wani tsimin kasala kawai yake saka wa dabba, don haka dole a ƙirga yawan zirga-zirgarta gaba ɗaya. Haka kuma hayaniya, ƙarfin haske da warin ɓeran da ya gabata duk suna iya sauya sakamako. Shi ya sa ake goge na'urar bayan kowane gwaji.

Kammalawa

Abin da ake aunawa ɗabi'a ce da ido ke gani, daga ita ake hasashen halin da dabbar ke ciki. Saboda haka, maganin da ya yi tasiri a jikin ɓera sai an tabbatar da amincinsa a jikin ɗan Adam kafin a ba majiyyaci.