Tudu da Kwarin da Ruwan Teku Ya Lulluɓe

A watan Janairun 2005, wani jirgin yaƙin Amurka mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, USS San Francisco, ya yi karo da tsauni a yammacin tekun Fasifik yana tsaka da gudu. Soja ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata. Taswirar da matuƙan ke bi ba ta nuna tsaunin ba.

Auna zurfin teku aiki ne na haƙuri. Jirgin Ingila mai suna Challenger, wanda ya zaga duniya daga 1872 zuwa 1876, igiya yake zurawa da dalma a bakinta har sai ta taɓa ƙasa. Yau sauti ake aikawa a jira amsa-kuwa. Sauti na cin kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, saboda haka in ya dawo bayan daƙiƙa huɗu, zurfin mita 3,000 ke nan.

Amma zurfi kaɗai bai wadatar ba, sai an san gargadar ƙasan. A 1952 Marie Tharp, tana harhaɗa alƙaluman jiragen ruwa a Jami'ar Columbia, ta gano wani dogon kwari da ya tsaga jerin tsaunukan tsakiyar Atlantika. Abokin aikinta Bruce Heezen da fari bai yarda ba. Kwarin nan shi ne inda ɓawon duniya ke rabuwa, santimita kaɗan a shekara. Inda rabuwar ke tafiya sannu, kamar Atlantika, ƙasa takan kakkarye ta yi tudu da kwazazzabai. A gabashin Fasifik, inda ta fi sauri, ƙasan ya fi sumul. Wannan gargada ce ke dama ruwan sanyi na can ƙasa da na sama, ita kuma masu shimfiɗa wayoyin intanet ke kauce wa. A 2020 zaftarewar laka a kwazazzabon bakin kogin Kwango ta tsinke wayoyin da ke haɗa Afirka da Turai.

Yawancin taswirorin ƙasan teku da muke gani a kwamfuta kirdado ne daga tauraron ɗan'adam, wanda ƙananan tsaunuka kan kuɓuce masa. Shirin Seabed 2030 na auna ƙasan teku gaba ɗaya, da aka ƙaddamar a 2017, ya tarar kashi 6 cikin ɗari kawai aka auna da kyau. Zuwa 2023 an kai kusan kashi 25. Da wannan tafiya, kammalawa a 2030 zai yi wuya.